Yadda ake taimakon ɗan riƙo ya zauna lakwal ba fashi

Assalamu alaikum jama'a. Nan Tawa da wuya ka shiga gida ba ka iske ɗan riƙo ba. Ko uban ya tafi bida Abijan ko Libiya ko Aljeriya ya bar yara hannun tsohuwarshi, ko aure ya mutu uwar ta yi wani kuma sabon mijin ya ce shi ba ya riƙon agola, ko rasuwa aka yi, ko kuwa daga ƙauye aka kawo yaro wajen kawunshi don garinsu babu kolej. Riƙo zumunci ne, da yawanmu a hannun kaka ko gwaggo muka tashi kuma ba mu da bakin godiya. Amma na daɗe ina koyarwa, na zauna cikin COGES, wato kwamitin iyaye da malamai mai kula da lakwal, kuma abin da idona ya gani shi ne yaran nan su ne suka fi saurin fara fashi, yau ya zo gobe bai zo ba, kafin a kai ƙarshen shekara an daina kiran sunanshi a aji kuma ba wanda ya zo ya tambaya. To ga yadda nake bi idan aka kawo mini irin wannan maganar, ko kai ɗan uwa ne, ko maƙwabci, ko kai ne ma mai riƙon.

Abin da za ka tanada tukuna

Kaye guda da bik, naka na kanka, don rubuta ranakun zuwa da na fashi. Lambobin waya uku: ta mushe ko madam ɗin ajin, wato malamin da ke koyar da shi, ta mai riƙon, da ta uwa ko uban yaron in suna raye. Takardar haihuwar yaron, in babu to ko katin awo na likita da aka yi mishi yana jinjiri. Bilten ɗinshi na bara in daga wata lakwal ya taho. Kayan aji daidai ƙarfinka, ardwazi da alli da kaye da bik da jaka, da takalmi ko silifa ne. Ɗan canji na karin kumallo, dala 10 ko dala 20 a rana ma suna aiki. Sai na ƙarshe wanda ya fi su duka, wato babban mutum guda cikin dangi da mai riƙon take jin nauyinshi, in dangi babu sai liman ko mai unguwa. In ba ka da kuɗi ko kaɗan kada ka fasa, matakan farko yawanci ƙafa da baki suke ci.

1. Ka ƙirga fashin kafin ka buɗe baki

Kada ka je gidan mutane da "an ce yaron ba ya zuwa". Ka je wajen mushe ka roƙe shi ya buɗe maka rajistar kiran suna, ka kwafe ranakun da yaron bai zo ba, sannan ka bi shi da ido kamar sati biyu kana rubutawa: ya zo, bai zo ba, ya zo a makare, ya zo da safe bai koma da marece ba. Shafi guda ya isa, ka ja layi biyar daga Litinin zuwa Juma'a.

In ka duba shafin nan shi da kanshi zai gaya maka rabin matsalar. Wanda kullum sai wajen ƙarfe 9 yake isowa, aikin safe ne, ɗibar ruwa ko talla ko kai dabbobi. Wanda yake ɓacewa rana guda tak kowane sati, ka tambaya wace kasuwa ke ci ranar. Wanda ke zuwa da safe ba ya komawa da marece, yawanci yunwa ce ko nisa, ya je gida bai iske abinci ba ko rana ta yi mishi yawa. Yarinyar da ta fara girma in tana fashin kwana uku ko huɗu kowane wata, al'ada ce kuma ba ta da abin tsarewa, ba ta kuma da wadda za ta faɗa wa. Wanda ya daina zuwa daidai lokacin da aka ce a kawo kotizasiyo, wato kuɗin da iyaye ke haɗa wa lakwal, ko a sayo wani littafi, kunya ce ta hana shi. In kuma farkon shekara ne, ku tuna ana komawa lakwal cikin watan Oktoba daidai da girbin hatsi, yaran da aka kai ƙauye hutu sai a riƙe su sai an gama ɗaurin damma. Can wajen Galmi da Madawa kuma aikin albasa ne ke cinye su da rani.

2. Ka ji ta bakin yaron, amma ba gaban mai riƙonshi ba

Ɗan riƙo ya san a gidan wani yake, ba zai taɓa faɗin abin da zai ja mishi faɗa ba. In ka tambaye shi gaban gwaggonshi zai sunkuyar da kai ya ce "ba komai". Ka aike shi shago ka bi shi, ko ku zauna bakin ƙofar lakwal lokacin da aka fito shan iska. In yarinya ce mace ta yi mata magana, ba namiji ba, wannan ba na sassauta shi.

Kada ka ce "don me ba ka zuwa lakwal", wannan tambayar mai laifi ce. Ka ce ya ba ka labarin safiyarshi tun daga kiran salla: wa ke tashe ka, me kake fara yi, bido nawa kake ɗebowa, me ka ci kafin ka fito, da wa kake tafiya. Akwai wata yarinya 'yar CE2, wato aji huɗu, da na riƙa gani tana laɓe bayan katangar lakwal, hijabinta jiƙe sharkaf ta gefe guda, ardwazinta a hammata. Ashe tana isowa an riga an shiga aji, tana tsoron bulalar makara, sai ta tsaya nan har a tashi ta bi yara su koma gida tare. A gida an san ta tafi lakwal, a lakwal an rubuta ba ta zo ba. Da labarin safiya aka gano, bido huɗu take ɗebowa daga famfo kafin ta fito.

Ka kuma duba jikinshi. Yana matse ido in ya kalli allo? Sai an maimaita magana yake ji? Zazzaɓi na yawan kayar da shi, musamman ƙarshen damina? In haka ne likita za a fara zuwa. Kuma wanda bai daɗe da rasa uwa ko uba ba, ko yana fitsarin kwance yara na yi mishi dariyar wari, wannan ba lalaci ba ne, lallashi yake so. Abin da ya gaya maka kada ka kwashe ka kai gida da sunanshi, in ka yi haka ranar zai sha duka kuma ba zai sake gaya maka komai ba.

3. Zama da mai riƙon

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace, don haka zan ɗan daɗe a nan. Kuskuren da mutane suka fi yi shi ne su shiga gida da zafi, "kin mai da ɗiyar mutane baiwa", "amana aka ba ki". Wallahi ranar da ka faɗi haka ka rufe ƙofar da hannunka. Abin da za ta ce shi ne "to ku zo ku ɗauki abinku", kuma ku duka kun san babu inda za a kai shi. Ka tuna matar nan ita ce ta karɓi yaron lokacin da kowa ya yi shiru, da tuwonta da tabarmarta, kuma sau da yawa tsohuwa ce mai ciwon ƙafa wadda in yarinyar ba ta ɗebo ruwa ba gidan ba za a sha ba. Wata kuma kuɗin tallar nan da su ake cefane. Mugunta akwai ta, zan zo kanta, amma mafi yawa rashi ne da gajiya.

Ka je da marece bayan la'asar, ba lokacin girki ba, kuma kada ka je hannu sake, ko goro ko sabulu ko ɗan sukari. Ku gaisa sosai, ka tambayi jiki, ka tambayi labarin masu bida. Sannan ka fara da godiya, kamar haka: "Inna, Allah ya saka da alheri, riƙon da kike yi wa yarinyar nan kowa na gani. Mushe ne ya ce tana da kai, yana jin takaicin ranakun da ba ta zuwa, shi ne na ce bari in zo mu ga me za mu kama miki da shi." Ka lura, ba ka ce ta yi laifi ba, ka ce za a kama mata. Sai ka yi shiru ka bar ta ta yi magana, za ta yi ƙorafi mai yawa, uban bai aiko ko dala ba tun salla, yarinyar ba ta jin magana, ita kaɗai aka bar wa. Ka saurara har ƙarshe kada ka katse ta, cikin ƙorafin nan za ka ji ainihin abin da ake buƙata.

In gidan kawu ne ko baffa, kada ka tsallake maigida, amma ka sani matarshi ce ke raba aikin safe, in ba ta yarda ba yardar maigida ta zaure ce kawai. Ka nemi wata babbar mace da take jin maganarta. In ka je sau ɗaya aka yi maka fuska, kada ka yi musu, ka yi sallama ka dawo da dattijon nan da ka tanada. Kuma kada ka fito ba ku tsayar da abu guda ƙarami ba, misali daga gobe yarinyar za ta fita ƙarfe 7 da rabi. Abu guda, ba goma ba.

4. Ka gyara safiya

Ba ka cewa a daina sa yaro aiki, ba gidan da zai karɓi wannan kuma ko ɗiyan cikin gida suna aiki. Matsar da aikin ake yi. Ruwa a ɗebo da marece a cika randa da bido tun dare. Wanke-wanke a yi bayan cin abincin dare. Talla in ba yadda za a yi a bar ta, a mai da ita bayan an taso da ranakun Asabar da Lahadi, ko a ajiye tiren ƙofar gida tsohuwa ta riƙa sayarwa daga zaune. In da hali, dangi su haɗa kuɗin mai kurar ruwa na wata, wannan kaɗai na ga ya mai da yara aji. In a gidan akwai wasu yara, a raba aikin da kwana-kwana kowa ya san ranarshi, don abin da ke cin ran ɗan riƙo shi ne ya ga ɗiyan gida sun saɓa jaka sun fita shi yana tsugune gaban kwanoni.

Sai ciki. Yaron da ya fita ba komai a cikinshi ba ya kai ƙarfe 11 yana gane abin da ake faɗi. Ɗumamen tuwo, koko, kunu, fura, duk abin da ya samu. In za ka ba da kuɗi kuma kana tsoron kada su bi wata hanya, ka yi magana da mai ƙosai ko mai masa ta bakin lakwal ka riƙa biyanta sati-sati, yaron ya zo ya karɓa. Sannan ka samo mishi abokin tafiya, wani yaro na unguwa mai natsuwa da zai riƙa tsayawa ƙofar gida yana kiran sunanshi kowace safiya. Mai riƙo tana jin kunyar ta ce ba zai je ba alhali ɗan maƙwabta na tsaye yana jira.

Gargaɗi: in ka sayo jaka ko takalmi, kada ka sayo wa ɗan riƙo shi kaɗai ɗiyan gida na kallo. Ko bik ɗai-ɗai ne ka haɗa da su, kuma ka miƙa kayan hannun uwar gida ita ta raba. In ba haka ba kayan za su zame mishi abin gori.

5. Takardu

Yara da yawa ana karɓarsu CI, wato ajin farko, ba takardar haihuwa, a yi ta tafiya har CM2, ajin ƙarshe kafin kolej, sai lokacin haɗa takardun jarrabawa a ce ina take, uban yana Libiya uwar tana wani gari. Kada ka jira ranar. Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa, in lokacin ya wuce sai an bi ta hannun alƙali ya yi hukuncin da zai tsaya a madadin takardar, sannan a kai ma'aikatar magajin gari a fitar da ita. Ka fara tambaya a ma'aikatar magajin garin inda aka haifi yaron, don wani lokaci an bayyana haihuwar tun a likita, takardar na nan kwance ba wanda ya je karɓa. In babu, su za su gaya maka abin da za ka kawo, ka shirya shaidu da suka san haihuwar da katin ɗan ƙasa na iyaye ko hotonshi ta WhatsApp ka buga. Ka kuma sa kunne, lokaci-lokaci alƙalai na fita zaman yi wa jama'a takardu a gari ko ƙauye, direktan lakwal yakan san ranar. Ka tabbatar sunan da ke takardar shi ne ke rajistar lakwal, harafi da harafi, kuma sunan uban yaron ne ba na mai riƙo ba. Mutane na sa sunan kawu don sauƙi, daga baya wajen BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej, ko rabon gado ya zama rigima. In ta fito ka yi kofi biyu ko uku, ka ɗauki hotonta a waya.

In daga wata lakwal aka ɗauko shi, a karɓo takardar shaida daga tsohon direkta mai nuna ajin da yake, in ba haka ba sai a mai da shi baya ya zauna da ƙananan yara, daga nan zuciyarshi ta fita.

6. Ka sa lakwal cikin maganar

Ka gaya wa mushe halin da yaron ke ciki, a keɓe. Malamai da yawa ba su san wane ne ɗan riƙo a ajinsu ba, aji ya cika maƙil ina zai sani. Ka roƙi abu uku: in yaron ya makara a bar shi ya shiga ba duka har a gama gyara safiyar, a zaunar da shi gaba, kuma in ya yi fashin kwana biyu a jere a yi maka ko filashin ne. Ka roƙe shi kada ya kira shi maraya gaban yara ko da da niyyar tausayi.

Maganar kotizasiyo ka kai ta wajen direkta da COGES, wanda yanzu a takarda ake kira CGDES. Lakwal ta gwamnati ba a korar yaro don bai biya wannan ba, kuma kwamitin na iya yafe wa marayu in an yi musu bayani. Akwai kuma ƙungiyar uwaye mata ta lakwal, AME, in tana aiki a lakwal ɗinku ku riƙe ta da kyau, su ne ke iya shiga har ɗaki su yi maganar da namiji ba zai iya ba, har da ta ƙunzugu da sabulu ga 'yan mata. In babu ta, mace guda mai kirki cikin malamai ta isa.

7. Cike gurbin karatu

Wanda ya yi wata biyu yana fashi in ya dawo ba ya gane komai, ga faransanci, wani ma daga wajen Abalak ko Cintabaraden ya taho ko hausar ba ta zauna ba. In aka bar shi haka zai sake gudu don kunya. Minti 20 zuwa 30 kowane dare sun isa, da ɗan kolej na unguwa ko ɗalibin jami'a da za a ɗan ba na sabulu. A fara daga inda yaron ya tsaya, ko da ɗan CE1 ne, wato aji uku, in haruffa ne bai sani ba a koma haruffa. In ba wuta, fitilar caji ko tocilan waya. In ba mai koyarwa, ya riƙa zama da abokin tafiyar nan nashi suna kwafar darasin da ya wuce shi. Makarantar allo kuma kada a sa ta kishiya da lakwal, a je wajen malam a daidaita lokaci, asuba ko dare.

8. Iyayen da ke nesa

Ka riƙa tura wa uban hoton bilten da na kayen yaron ta WhatsApp, kuma ka sa su gaisa ko sau ɗaya a sati. Mutumin da ya ga rubutun ɗanshi ya fi saurin aikowa. In zai aiko ta Nita ko Amana, ya faɗa da bakinshi gaban kowa: wannan na cefanen gida ne, wannan na lakwal ne. Kada a aiko na yaro kaɗai a manta mai ciyar da shi, jika biyu ko uku da sunanta ita ma suna sanyaya zuciya. Kuma kada ka zama mai kai ƙarar gida wajen uba, labarin karatu kawai za ka kai.

9. In ya girme wa ajin

Wanda ya kai shekara 10 ko 12 bai taɓa shiga ba, ko ya daɗe da fita, kada a tura shi CI cikin 'yan shekara 7. Ka tambaya a inspeksiyo, ofishin masu duba lakwal, ko akwai ajin paserel kusa, inda ake koyar da su cikin gaggawa kamar shekarar karatu guda sannan a sa su ajin da ya dace. In ya wuce nan, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM, ɗinki, walda, kanikanci, aikin katako. Wani mai riƙon kuma ba ya son lakwal zalla amma zai yarda da faranko-arab, inda ake haɗa faransanci da larabci, to a kai shi can, karatu ne.

10. Inda lallashi ya ƙare

In ka ga tabon duka a jiki, ko ana hana yaro abinci, ko yarinya ta nuna wani a gidan ko wajen talla yana taɓa ta, ko ka ji ana shirin cire ta a yi mata aure, wannan ya wuce goro da sabulu. Ka sanar da iyaye da manyan dangi ranar, a nemi wani gidan da za ta koma. In dangi sun yi shiru ka je wajen mai unguwa da direkta, daga nan ofishin kula da mata da yara na jiha, akwai kuma alƙalin yara. Tun Disamba 2017 akwai dokar gwamnati ta kare yarinyar da ke karatu, direktoci sun san da ita, don haka ba kai kaɗai kake tsaye ba. Maganar taɓa yarinya kuma likita za a fara kai ta, kuma kada a yi ta yawo da zancen cikin unguwa.

Kayen nan naka kada ka ajiye shi don an yi sati biyu lafiya. Ka ci gaba da leƙa mushe kowace Juma'a har wata uku, sannan ka sa ido sosai a lokutan da aka fi komawa gidan jiya: bayan hutun Disamba da sanyi ke hana fita, cikin azumi da aikin gida ke ƙaruwa wa 'yan mata, bayan salla, da kuma babban hutu. Kafin a tafi babban hutu ka tsayar da ranar dawowa da wanda za a kai yaron wajenshi a ƙauye, ka karɓi lambarshi, kuma tun tsakiyar Satumba ka fara kira, in kuɗin mota ne matsala a san da shi da wuri a haɗa.